Kunnen Mai Ciwon Ƙoda

A shekarar 1927 wani likita mai suna Cecil Alport, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Landan, ya wallafa labarin wani gida a Ingila da ciwon ƙoda ya zame musu gado. Daga kakanni zuwa jikoki ana fitsarin jini, maza na rasuwa da ƙuruciya, mata kuwa ciwon kan zo musu da sauƙi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, yawancinsu kunnensu ya yi nauyi. Ina ruwan ƙoda da kunne?

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa mai yawan sinadarin fotasiyam. Dole gishirin wannan ruwa ya tsaya daidai kafin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa za ta fahimta. Fatar da ke daidaita shi tana aiki da ƙananan famfunan gishiri, 'yan uwan waɗanda ƙoda ke amfani da su wajen haɗa fitsari. Hatta furotin ɗin da ya lalace a zuriyar da Alport ya gani, yana cikin matatar ƙoda, yana cikin katantanwar. Saboda haka abin da ya taɓa ɗaya yakan shafi ɗayar, ko hawan jini ne, ko ciwon suga, ko dattin da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza.

Ba sai ciwon gado ba. Wani bincike a yankin Blue Mountains na Ostireliya, wanda aka wallafa a 2010, ya auna mutum sama da 2,500 masu shekara 50 zuwa sama. Cikin masu matsakaicin ciwon ƙoda, kashi 54 cikin 100 jinsu ya ragu. Cikin sauran, kashi 28.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen magani. Gentamicin, allurar nan mai araha da ake yi wa mutane a kemis ba tare da an auna ƙodarsu ba, ta fitsari take barin jiki. Idan ƙoda ta yi rauni sai ta taru a jini, ta shiga katantanwa, ta kashe wasu ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti. Kusan 15,000 ne kacal a kowane kunne, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Dangin gentamicin, streptomycin da amikacin, haka suke. Lasix kuwa, da ake bai wa mai kumburin ƙafa don ya rage ruwa, famfunan gishirin nan yake toshewa, na ƙoda da na kunne. Idan aka ɗura shi da yawa ta jijiya cikin gaggawa ji kan ɗauke, ko da yake yawanci yana dawowa. Haɗa Lasix da gentamicin ya fi kowanne haɗari.

Kurumtar ba ta sallama. Siraran sautuka ke fara ɓacewa, irin su “s” da “sh” da “f”, sai mutum ya riƙa jin murya amma maganar ba ta fita, musamman cikin hayaniya. A gida a ce tsufa ne, ko a ce ya fara shariya. Shi kuwa likita na lissafa masa ruwan da zai sha da gishirin da zai rage, yana gyaɗa kai, rabin bayanin ya wuce shi.

Iyalin da suka sayar da gona don biyan kuɗin wankin ƙoda, kamar yadda ake gani a Gashuwa da Nguru inda ciwon ya yi katutu, da wuya su tuna da kunne, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma awon ji ba ya buƙatar allura, ba ya cin awa guda, ana kuma yin sa a manyan asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai ciwon ƙodar da ake yi wa allura, ya fara jin ƙara a kunne ko jiri, a ranar ya kamata likita ya sani, tun ana iya sauya maganin.