Kafaɗar da ta ƙi ɗaguwa: ba sanyi ba ne kawai

Wata uku wata malama a makarantarmu tana rubutu a ƙasan allo kaɗai, don hannunta ba ya kaiwa sama. Ɗaura ɗankwali ma sai an taya ta, da dare kuma ba barci. Aka ce sanyi ne, aka yi ta shafa man zafi. Sai a asibiti aka gano sandarewar kafaɗa ce, ga kuma suga ya hau ba ta sani ba.

Ciwon yana zuwa ne idan jakar da ta lulluɓe gaɓar kafaɗa ta kumbura, ta yi kauri, ta matse. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman mata, masu ciwon suga, da wanda hannunsa ya daɗe a ɗaure bayan karaya.

Wajen gwaji, likita zai ɗaga hannun da kansa, ya juya shi waje. In ya ƙi tafiya ko da mai shi ya saki jiki, alama ke nan. Hoton ƙashi kuwa don a tabbatar ba wani ciwon ba ne.

Da fari zafi ne, sai ƙagewa, sannan kafaɗar ta riƙa saki sannu a hankali. Duka kan ɗauki shekara 1 zuwa 3. Ana ba da maganin rage zafi ko allura a gaɓar, da atisaye kullum, kamar hawa bango da yatsu. Ba kasafai ake tiyata ba.

Don Allah kar a naɗe hannun a ajiye, kar kuma a bar wani ya fizge shi da ƙarfi. In kafaɗa ta ƙi, a je asibiti, a auna suga. Malamar tamu dai yanzu ta fara kaiwa tsakiyar allo.