Akwatin Wuta a Gidan Haya: Sauyawa Ko Dubawa?

Tun ranar Lahadin da hayaƙi ya tashi daga wani shago kusa da mu a bakin hanyar Filinge, ana tsakiyar cin kasuwa, abin da Allah cikin ludufinsa Ya taƙaita ga akwatin wuta da ɗan katakon da aka kafe shi, muhawara ta ƙi ƙarewa tsakanin masu gidajen haya na Baleyara. Wasu sun yanke hukunci cewa duk akwatin da ya tsufa wajibi ne a tumɓuke shi, wasu kuwa sun ce wannan ba kome ba ne face dabarar masu sayar da kayan wuta na Yamai, suna kafa hujja da cewa nasu akwatin ya shekara goma sha bai taɓa yanke kuran ba ko sau ɗaya.

Wannan hujja ita ce ta fi damuna, domin abin da mai ita yake alfahari da shi, shi ne ainihin abin tuhuma. Dijantar da ke cikin akwati, ko fizibil na zamanin da, an sa shi ne ya tsare wayar da ke cikin bango, ya yanke wuta da zarar an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Misalinsa misalin mai gadi ne: wanda bai taɓa tada kowa da dare ba, ko dai unguwar lafiya lau take, ko kuwa barci yake sha. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara yana kwance murfin irin wannan akwati da ake yabo, sai ga zanzaro ya yi gini a kusurwa, ƙurar hunturu ta yi kauri kamar an yaɓa, a gurbin siririn zaren fizibil kuma an naɗa wayar tagulla riɓi uku, wadda gidan zai riga ta narkewa.

Ga inda lissafin yake da wuyar shiga kai. Zafin da waya take yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora mata. In aka ninka wutar da ke bi ta cikinta sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Wayar milimita 1.5, wadda aka ja domin ƙwan fitila da fanka, ba a haɗa ta da dijantar da ya wuce amfiya 16, ta milimita 2.5 kuwa iyakarta 20. To, ɗakin da aka gina domin ma'aikaci gwauro, yau an ba da shi haya ga mai sayar da ƙanƙara, ya jera firiza biyu, musamman in azumi ya faɗo cikin bazara. Dijantar ya fara faɗuwa, ɗan haya ya kai ƙara, mai gida ya sa a cire shi a kafa babba. Wannan daidai yake da mai jakin da ya ga igiyar mangala tana tsinkewa saboda yawan kaya, maimakon ya rage kayan sai ya sayo sarƙa. Ko wanda tukunyarsa ke tafasa tana zuba, ya ɗora dutse a kan murfi ya tafi hira.

Masu cewa a sauya ma ba su kuɓuta ba, domin sabon akwati a kan ruɓaɓɓiyar waya sabon rawani ne a kan ƙora. Shekaru ba su ne ma'auni ba. Abin da mai hankali zai nema shi ne gwani ya kashe wuta daga wajen kwantar, ya buɗe, ya duba ko akwai baƙin tabo ko warin roba, ya ɗaure kusoshin da suka saki (kusa guda mai lilo tana iya yin zafin da zai tada gobara alhali dijantar bai ji kome ba), ya gwada kaurin kowace waya da lambar da ke jikin mai tsaronta. In akwatin ya tsage, ko na fizibil ne da aka saba yi wa ɗori, ko babu gurbin da za a ƙara na'urar nan mai lamba 30 mA wadda ke yanke wuta kafin ta kashe wanda ta kama, to, a nan sauyawa ta zama lalura. Na'urar tana da maɓalli mai harafin T. In an danna wuta ba ta ɗauke ba, ado ce kawai.

Sai wayar ƙasa, wadda yawancin gidajenmu ba su san da ita ba, alhali mu da ke cikin Dallol Bosso ruwa bai yi mana nisa ba, sandan ƙarfen da ake kafa mata a ƙasa yana samun damshi da sauƙin da mutanen tudun Kurfey za su yi mana hassada a kai.

Kamfanin wutar lantarki na NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, haƙƙinsa yana tsayawa ne a kwantar. Abin da ke bayansa amana ce a wuyan mai gida, ko da yake ban ga laifi ba da hukuma za ta riƙa leƙa shagunan kasuwa kamar yadda take leƙa su ranar karɓar haraji. Tun lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, mutane da yawa suka jona janareto da faifan hasken rana a tsofaffin akwatuna, kowa da irin ijtihadinsa, wutar ta dawo, jone-jonen nan kuwa suna nan inda aka bar su. Maƙwabcin namu mai shagon dai ya kira mai gyara bayan hayaƙin, aka tarar akwatin bai kai shekara uku ba, kusa ɗaya ce ba a ɗaure ba tun ranar da aka kafa shi.