Gandun Dabbobi a Idon Manomin Albasa

A shekarar 1975 Bala Abdullahi Funtua ya fitar da Gandun Dabbobi, fassarar littafin da George Orwell ya wallafa a Ingila a 1945. Mai gandun ya zama Nomau, aladun da suka jagoranci tawaye suka zama Maitumbi da Ɗantulu, dokin nan mai aiki ba ji ba gani ya zama Akawal. Bayanin da aka fi yi wa littafin shi ne habaici ne ga Tarayyar Sobiyet, Maitumbi Stalin ne, Ɗantulu kuma Trotsky. Wannan gaskiya ne, amma rabinta ne, kuma akwai waɗanda suka kashe kuɗi don a tsaya a kan rabin.

Orwell ɗan gurguzu ne mai goyon bayan dimokuraɗiyya. Ya ɗauki bindiga a yaƙin basasar Sifen, inda aka harbe shi a wuya a 1937. Littafinsa ya ƙare ne da liyafa, aladu da manoman maƙwabta suna shan giya suna karta, ɗaya daga cikin manoman yana yaba wa aladun don sun iya sa dabbobi aiki mai yawa a kan abinci kaɗan. Dabbobin da ke leƙe ta taga suka kasa bambance alade da mutum. Bayan rasuwar Orwell a 1950, hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a ɓoye aka yi fim ɗin zane na littafin a 1954, aka cire 'yan Adam daga liyafar, aka bar aladu su kaɗai da laifi. Masu dukiyar da Orwell ya zaunar a teburi ɗaya da azzalumai sai suka fice ta ƙofar baya.

Wanda ya san harkar albasa a Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi kan wannan teburi. Manomi ya yi reno, ya yi dashe, ya kwana yana ban ruwa da injin da ke shan fetur, fetur ɗin da kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Taki sau da yawa bashi ne. Lokacin cira, kowa ya fito da tasa a tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Albasa kuwa ba ta jira. In ta daɗe a jibge cikin zafi sai ta fara ruɓewa daga ƙasa, warin ya riga ido gani. Mai bashi a wuya dole ya sayar. Mai jari ya saya, ya adana ko ya loda tirela zuwa Legas da Onitsha, bayan 'yan watanni buhun ya yi tsadar da manomin da ya noma shi ba zai iya saye ba. Ba a ce kowane dillali macuci ne ba, shi ma yana tafka asara a hanya. Tsarin ne ya ɗora mafi nauyin kasada a kan wanda ya fi kowa rauni.

A littafin akwai makamancin haka. Maitumbi ya ƙulla cinikin ƙwai 400 a mako da wani dillali, ba tare da ya tambayi kaji ba. Da kajin suka yi bore, sai ya hana su abinci har tara suka mutu. Kwangilar ta kasuwa ce, amma da yunwa da karnuka aka cika ta.

Irin wannan ya faru a ƙasar nan, kuma ba a ƙarƙashin gurguzu ba. Lokacin Kebbi tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Manoma suka rasa gonaki da gidaje, diyya ta yi ta jan ƙafa, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin mulkin farar hula na Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Wani ɗan garin Jega, Attahiru Jega, a kan wannan aiki na Bakolori ya yi binciken digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka, kafin ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wadda gwamnatin Babangida ta haramta a 1988 ana tsakiyar shirin tsuke bakin aljihu na SAP.

Sauran littattafan da ke faɗakarwa kan danniya ma haka suke. A Brave New World na Aldous Huxley, wanda ya fito a 1932, attajirin motoci Henry Ford ne aka mayar abin bauta, ana horar da yara tun suna jarirai su so saye su ƙi gyaran tsohon kaya. Shi kuwa Nineteen Eighty-Four na 1949, 'yan Nijeriya sun ɗanɗana shi a ainihin shekarar 1984, da aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. Yau ɗalibin jami'ar Aliero yana iya haɗuwa da mai sa ido wanda ba gwamnati ba: manhajar bashi a waya, wadda ke kwashe lambobin 'yan uwansa ta tura musu saƙon tozarci in ya makara biya.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a Gandun Dabbobi shi ne karatu. Dokokin gandun a jikin bango suke, aladu na sauya su da dare, domin yawancin dabbobin ba sa iya karantawa. Akawal bai wuce haruffa huɗu ba. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare aka zo ɗaukarsa wai zuwa asibiti, jaki ne kaɗai ya karanta rubutun jikin motar ya gane ta mahautan dawaki ce, kuma kuɗin da aka sayar da shi giya aladu suka saya.

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki, Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015, kuma ana ci gaba da kawo wa manoman Jega da Maiyama takardun lamuni iri iri daga bankuna da kamfanonin shinkafa. Kafin manomi ya dangwala yatsa, haƙƙinsa ne a karanta masa da Hausa nawa aka ƙiyasta takin da aka ba shi, nawa ne kuɗin ruwa, a wane farashi za a karɓi amfaninsa, kuma wa zai ɗauki asara in ambaliya ta cinye fadamar.