Yadda Ɗalibi Ke Koyon Tuƙin Jirgin Sama Ba Tare Da Ganin Waje Ba

Duk wanda ya fara koyon tuƙin jirgin sama, da ido yake farawa. Yana duban waje, yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma da wannan layi yake sanin ko jirgin a daidai yake ko ya karkata. To amma akwai lokacin da layin ke ɓacewa: cikin gajimare, ko da dare a kan teku, ko kuwa da hunturu in hazo ya sauko, kamar yadda yakan yi a Kano da Yamai har a dakatar da sauka da tashi. A irin wannan hali, matuƙi ba shi da abin dogaro sai na'urorin da ke gabansa.

Mai karatu zai ce ai abin da sauƙi, tunda duban na'ura ne kawai. Ba haka ba ne, domin jikin matuƙin da kansa yana yi masa ƙarya. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa. Idan kai ya juya, ruwan yakan motsa wasu ƙananan gasu, su kuma su sanar da ƙwaƙwalwa. Amma in jirgi ya karkata sannu a hankali, kunne ba ya jin komai. Haka kuma in ya ci gaba da kewayawa na kimanin sakan 20, sai ruwan ya lafa, mutum ya ji kamar a miƙe yake tafiya. Da ya daidaita fukafukan, sai ya ji kamar ya karkata ɗaya gefen, ya sake mai da jirgin inda ya fito da shi. Jirgin da ya karkata kuwa hancinsa yakan sunkuya. Ganin yana yin ƙasa, sai matuƙi ya ja sitiyari, jan nan kuma ƙara matse kewayen yake yi, har a kai ƙasa.

A 1954 Jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba. Da aka hana su ganin waje, dukkansu jirgin ya ƙwace musu, kuma in aka yi matsakaicin lissafi, cikin sakan 178 ne, wato ko minti 3 ba a cika ba. Irin wannan ruɗewa ce bincike ya nuna ta jawo faɗuwar jirgin John Kennedy ƙarami cikin teku a watan Yuli na 1999, da dare, cikin hazo.

Saboda haka ake sa wa ɗalibi wata irin hula mai dogon baki, ko tabarau mai rufe sama, yadda ba ya ganin komai sai na'urori. Malaminsa na gefe, shi ke duba hanya. Babbar na'urar ita ce mai nuna zaman jirgi: rabinta na sama shuɗi ne, na ƙasa ruwan ƙasa, da ɗan hoton jirgi a tsakiya. Kewaye da ita akwai masu nuna gudu da tsayi da alƙibla, da saurin hawa ko sauka, da saurin juyawa. Ana koya masa ya riƙa yawo da ido: ya dubi ta tsakiya, ya leƙa wata, ya dawo. Kuskuren sabon ɗalibi kusan kullum ɗaya ne, wato ya ƙura wa na'ura guda ido, yana gyaran tsayi alƙibla na kuɓuce masa. Juyi ma da ƙa'idarsa: digiri 3 a sakan, kewaye guda cikin minti 2.

Darasin da ya fi amfani, a ganina, shi ne wanda malami ke ce wa ɗalibi ya rufe ido ya sunkuyar da kai, shi kuma ya yi ta jujjuya jirgin, sa'an nan ya ce, “To, karɓi.” Ɗalibi zai rantse hagu suka karkata, na'ura ta ce dama. Dole ya bi na'ura, ko da cikinsa na juyawa. A Amurka sai ya yi awa 40 na irin wannan tuƙi kafin a ba shi izni.

Wanda ya fara nuna abin zai yiwu shi ne Jimmy Doolittle, ran 24 ga Satumba 1929, kusa da birnin New York. An lulluɓe mazauninsa, ya tashi, ya kewaya, ya sauka bai ga waje ba. Ɗalibin yau ba a neman haka daga gare shi. Yana bin siginar rediyo zuwa titin sauka har ya rage saura ƙafa 200, wato kimanin mita 60. A nan malami zai ce ya ɗaga kai. In ya ga titin ya sauka, in bai gani ba ya ƙara wuta ya koma sama.