Injin da Ya Yanka Katako Shi Ya Zaɓa wa Jitar Bas Siffarta

A kusan kowace ƙungiyar kiɗan zamani akwai wani da ke tsaye can gefe, rataye da jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda amonta ya fi sauka a ƙirji fiye da kunne. Ita ce jitar bas ta lantarki. Wanda ya dubi jikinta, da ƙahonnin nan biyu da matsattsen ƙugu, zai ɗauka ado ne wani mai zane ya ƙirƙiro. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan wannan siffa daga cikin masana'anta ta fito, daga irin zarton da ake da shi, da irin injin sassaƙa, da lissafin kuɗin ma'aikata.

A garaya ko gurmi, ƙoƙo da fata su ne ke ɗaga muryar tsirkiya, saboda haka in ka taɓa siffar ƙoƙon ka taɓa kiɗan. Jikin bas kuwa katako ne curarre, babu kogo. Maganaɗisu ne naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe ke zaune ƙarƙashin tsirkiya, yana mai da girgizarta lantarki, ya tura wa amfilifaya. Aikin jiki bai wuce ya riƙe wuya gam, ya ɗauki kayan lantarki, ya kuma zauna daidai a jikin makaɗi ba. Da maƙera suka sami wannan sarari, sai kowa ya yi abin da kayan aikinsa suka iya.

Tun a shekarun 1930 Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera bas ta lantarki, amma ba ta sami kasuwa ba. Wanda ya kafa ta shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya, mutumin da bai ma iya kaɗa jita ba. A 1951 ya fitar da Precision Bass, kuma tunanin mai gyara ne ya gina ta. Ana manna katako biyu ko uku da gam su zama falle ɗaya mai kaurin inci ɗaya da rubu'i uku. A ɗora allon samfur a kai, a zana, a yanka da zarton inji, sannan injin sassaƙa ya bi gefen samfurin ya daidaita baki, ya haƙa gurbin wuya da na maganaɗisu. Wuyan a wani sashe dabam ake yin sa, daga ƙarshe a ɗaura shi da sukuru huɗu. In ya lalace, a kwance a sa wani. Babu mataki ɗaya a nan da ke buƙatar wanda ya yi shekaru yana koyon sassaƙa, shi ya sa fuskar jitar ta fito a shimfiɗe, lanƙwasarta kuma ta fito da faɗi, daidai yadda bakin inji zai iya zagayawa.

Ƙahon sama ma ba kwalliya ba ne. Tsawon tsirkiyar Precision inci 34 ne, wato kusan santimita 86, kuma a kan wuyan akwai manyan ƙarafunan ɗaure tsirkiya masu nauyi. Da a gindin wuya aka maƙala maɗauri, da kan jitar ya riƙa rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma tallafe maimakon kiɗa. Sai aka miƙar da ƙahon gaba domin maɗauri ya kama daga can. Yankan da ke ƙasa kuma hanya ce aka buɗe wa yatsu. Jikin farko yana da kaifin gefe mai cin haƙarƙari da damtse, sai a 1954 aka fara zaftare bayansa da kusurwar da hannu ke kwanciya. Da hannu ma'aikaci ke dafa jikin a kan injin sanfefa, don haka tsofaffin Fender ba ka samun biyu da zaftarewarsu ta zo ɗaya.

Kamfanin Gibson na Kalamazoo ya taso ne cikin al'adar sassaƙa da manna wuya da gam. Da ya fitar da basinsa na farko a 1953, sai ya yi masa siffar gogen Turawa, da fuska mai tudu, da gajeriyar tsirkiya ta inci 30 da rabi, har da zanen ramin sauti na fenti a kan katakon da ba shi da rami. Kamfanin Rickenbacker kuma a 1957 ya bi hanya ta uku: wuya ya zarce tun daga kai har gindin jita, aka manna fukafukai biyu a gefe suka zama jiki. Wannan ginin ba shi da dunƙulen mahaɗa, hannu na kaiwa ko'ina, amma ranar da wuyan ya murɗe babu abin kwancewa.

Makaɗa na yawan musu a kan wanne ya fi riƙe amo. Da yawa na cewa wuya mai zarcewa ya fi. A ganina, ana ba wa irin mahaɗa muhimmancin da ya kamata a ba wa kyawun haɗawa. Wuyan sukuru da ya shige gurbinsa tsaf, katako na taɓa katako, ba ya jin kunya a gaban kowane gini. Wuyan ma ya fi jiki tasiri, domin shi ne siriri, shi ke girgiza. A basa da yawa masu ginin Fender akwai wani wuri a siririyar tsirkiya, tsakanin gaɓa ta 5 da ta 7 a wuya, inda sauti ke mutuwa da wuri don wuyan na shanye ƙarfinsa. Tsadar katakon jiki ba ta maganin wannan.

Tarihin kamfanin Fender kansa ya isa hujja a kan muhimmancin kyawun haɗawa. A 1965 kamfanin CBS ya saye shi a kan dala miliyan 13, aka ƙara yawan abin da ake fitarwa. Zuwa shekarun 1970 sai ƙorafi ya yawaita: jiki ya yi nauyi, fenti ya yi kauri kamar an lulluɓe katakon da roba, gurbin wuya ya yi yalwa har wuyan na gocewa gefe. Mutane suka ɗora laifin kan sukuru uku da aka koma amfani da su a Jazz Bass, wata bas ɗin Fender, maimakon huɗu. Amma StingRay ta kamfanin Music Man, wadda Leo Fender ke da hannu a ƙirarta a 1976, da sukuru uku ta fara, kuma ta yi suna. Makaɗi Marcus Miller ma da Jazz Bass ta 1977 ya shahara. Abin da ya ɓaci shi ne tabbas: gari ɗaya, suna ɗaya, zane ɗaya, amma wata ta fito zakara, wata ta fito da gyara, gwargwadon lafiyar samfur da gaggawar ma'aikaci.

Wannan matsala ce inji mai kwamfuta ya zo ya kashe. A 1978 kamfanin Peavey na Meridian a jihar Mississippi ya fitar da bas ɗin T-40, yana yanka jiki da injin da lissafi ke tuƙawa, wuya kuma da irin injin da masu ƙera bindiga ke kwafar ƙota da shi. An yi masa dariya da farko. Yau kusan kowace masana'anta, daga Corona ta Amurka zuwa Ensenada ta Meziko zuwa Indunusiya da Sin, haka take yi. Shi ya sa bas mai araha ta yau kan fi wasu masu tsada na da daidaituwar gurbi. Duk mai sayarwa da ya ce maka tasa ta fi don ba inji ya yanka ta ba, ka tambaye shi wane sashe ne hannu ya yi.

Inda hannu ke da rana shi ne bayan inji ya gama. Jera ƙarafunan gaɓa a wuya da goge su har tsayinsu ya zo ɗaya, yanka gurbin tsirkiya, daidaita wuya, haɗa waya: a nan lokaci ke tafiya, a nan kuma masana'antar da ke son rage farashi ke tsuke hannu. Haka ma busar da katako. Ana so danshinsa ya sauko kusan kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin a yanka, wanda aka gaggauta kuwa zai ci gaba da motsi bayan ya zama jita.

Wanda ya fi kowa nuna cewa siffa 'yar hanyar ƙira ce shi ne Ned Steinberger, wanda asalinsa mai zana kayan ɗaki ne. A 1977 ya zana wa kamfanin Spector jiki mai lanƙwasa da ke rungumar cikin makaɗi. Bayan 'yan shekaru ya yi watsi da katako gaba ɗaya, ya zuba zaren kabon da ƙaro a mazubi, ya cire kan jitar ya mai da ƙarafunan ɗaure tsirkiya gindi. Da nauyin kai ya tafi, sai ƙaho ya rasa aiki, jikin ya koma ɗan ƙaramin allo.

Fenti ma yana da bakin magana. Katakon ash da Fender ya fara da shi yana da manyan ƙofofi, sai an cike su kafin fenti ya kwanta. Daga 1956 ya karkata ga alder, wanda ba ya buƙatar wannan wahala. Launukan da ake yi wa rububi a yau, da yawansu fentin mota ne na kamfanin DuPont. Fenti mai rufe ido kuma yana ɓoye abubuwa: gutsattsarin katako da yawa da aka manna, ko filawud a wasu masu arha ƙwarai. Sai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya gefen, irin su kamfanin Warwick na Jamus, da ke barin katakon a fili da ɗan mai da kaki. Katakan nan da yawa na Afirka ne, kamar bubinga da wenge na dazukan Kamaru da Gabon da Kwango, da afzelia, dangin kawon da muka sani.

Duk bas ɗin da ta shigo Kano ko Jos ko Agadez, a wani yanayi aka ƙera ta, kuma hunturu zai gwada ta. Tsirkiya huɗu na jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70. Iska ta bushe, katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakin ƙarafunan gaɓa su fito suna yankar yatsa. Damina ta sauka, wuyan ya sake juyawa. Akwai rodi a cikin wuya da ake murɗawa don mai da shi daidai, kuma bas ɗin da rodinta ya cije ba ta da sauran amfani komai kyan fentinta.

Don haka, mai karatu, in ka je saye, kada sunan da ke kai ko ƙasar da aka rubuta a baya su fara ɗauke maka hankali. Rataya ta ka saki hannu ka ga ko kanta zai rinjaya. Leƙa mahaɗar wuya ka ga ko takarda za ta shiga. Bi gefen wuyan da yatsa, ka kaɗa kowace gaɓa ba tare da ka jona wuta ba, sannan ka sa mai shago ya murɗa rodin a gabanka kafin ka biya.