Jerin Ayyuka da Maɓallin F1: Abin da Ofisoshin Damagaram Ke Bari a Banza

Damagaram ta daɗe da sanin aikin ofis, domin har zuwa 1926 ita ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai. Yau kuwa daga Jami'ar André Salifou har shagunan buga takardu na unguwar Zango da kewayen Kasuwar Dole, kwamfuta ta maye gurbin tafireta. Sai dai a wurare da dama aikin tafiretar kawai ake sa ta: a buga wasiƙa a Word, a fitar, a rufe. Ayyukan da ke jiran ma'aikaci suna cikin kansa, in kuma wani abu ya cije masa sai a zauna jiran "wanda ya iya". A nan ake haifar "dawo gobe" da ke gajiyar da talaka. Alhali maganin matsalolin biyu yana cikin manhajar da ke gabansa.

Na farko shi ne jerin ayyuka. A Outlook, danna Ctrl da Shift da K yana buɗe sabon aiki, a sa masa ranar ƙarshe da lokacin tunatarwa, kuma saƙon da aka kafa wa tuta yakan shiga jerin da kansa. Microsoft To Do, da ta fito a 2017, tana kai jerin har cikin waya. Wanda ba shi da waɗannan, Excel ya ishe shi da ginshiƙai huɗu: aikin, mai yinsa, ranar ƙarshe, da inda aka kwana. In ya jera su bisa rana, abin gaggawa ya hau sama. Muhimmin abu shi ne yadda aka rubuta aikin. "Rahoto" kawai ba ya motsa kowa, amma "kai wa darakta rahoton wata kafin ƙarfe goma na Alhamis" ya faɗi abin yi da lokacinsa.

Wani zai ce littafi da alƙalami ba sa jiran wuta, kuma yana da hujja, don mutanen Damagaram ba su manta da duhun da suka sha ba lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023. Amma littafi ba ya tunatar da mai shi, kuma ranar da sakatare ya kwanta rashin lafiya ba wanda ya san inda aiki ya tsaya. Hanya mai kyau ita ce a riƙe jeri ɗaya a kwamfuta, a buga shafin ranar da safe tun da sauran wuta.

Na biyu shi ne taimakon da ke cikin manhajar. Maɓallin F1 yana buɗe shi, kuma tun daga Office 2016 akwai akwatin tambaya da Alt da Q ke kai mutum gare shi, ya rubuta abin da yake so ya yi. Amfanin wannan a Damagaram ya wuce yadda ake zato. Excel na Faransanci yana kiran lissafin jimla SOMME, na Ingilishi kuma SUM, don haka ɗalibin da ya kwafi darasi daga bidiyon wani malami na Kano zai ga na'urarsa ta ƙi. Alamar fx da ke saman tebur za ta nuna masa sunan da tasa ta sani, da abin da zai cika a kowane gurbi.

Gaskiya ne sabbin Office suna neman intanet kafin su nuna cikakken bayani, kuma bayanin da Faransanci ko Ingilishi yake. Ga na farko, LibreOffice kyauta ce, kuma ana sauke kundin taimakonta sau ɗaya a yi ta amfani da shi ba intanet. Ga na biyu, tunda Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Maris 2025, ya dace cibiyoyin koyar da kwamfuta su rubuta gajerun jagorori da Hausa, su kuma fara darasi da koya wa ɗalibi yadda zai nemo amsa da kansa. Tambayar abokin aiki ba laifi ba ce, matambayi ba ya ɓata. Amma ofishin da aikinsa ke tsayawa in mutum ɗaya ya fita, jama'ar da ke layi ne ke biyan kuɗin jiran.