Yana a Idon Mota: Ciwon da ke Makantar da Direbobi a Hanyoyin Manga

A tashar Maine-Sorowa, inda motocin Ngelbeli da sauran garuruwan arewa ke ɗaukar kaya da fasinja, ba sai an yi dogon nema ba kafin a ga motar da fitilunta na gaba suka yi yana. Murfin fitilar, wanda da fari yake garau kamar ruwan rijiya, ya koma rawaya, ko kuwa fari dishi-dishi. Da rana ba wanda ke kula da shi. Amma idan dare ya yi, sai direba ya riƙa miƙa wuya yana ƙanƙance ido, yana zagin batir ko ƙwan fitila, alhali kuwa ba su da laifin komi. Hasken yana nan a ciki, murfi ne ya tare masa hanya.

Ngelbeli ƙaramar hukuma ce ta makiyaya cikin gundumar Maine-Sorowa, jihar Diffa. Tsakaninta da kwalta hanyar rairayi ce, mai ratsa tuddai da kwaruruka. Sai mota ta gama da wannan sa'an nan ta hau babbar hanya mai lamba 1, wato Hanyar Haɗin Kai, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram, Gure da Gudumariya, ta wuce Diffa har Ngigmi. Mace mai naƙudar da ta gagara, ko yaron da maciji ya sara, ba su jiran gari ya waye: cikin duhu ake fita da su zuwa asibitin Maine, wani lokaci har babban asibitin Diffa. A kan hanyar kuwa ga raƙuma, ga jakuna, ga garken shanu, ga amalanke marar fitila, ga kuma rairayin da iska kan tara bisa kwalta.

Daga gilashi zuwa roba

Tsofaffin direbobi, waɗanda suka tuƙa Peugeot 404 da 504, ko Land Rover, ko manyan motocin Berliet, ba su san wannan ciwo ba. Fitilun zamaninsu na gilashi ne. Dutse yakan fasa su, rairayi yakan yi musu zanzana, amma rana ba ta rina su.

Motocin yanzu kusan dukkansu murfin fitilarsu na wata roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonat. A shekarar 1953 ne masana biyu suka gano ta, kowa a wurin aikinsa: Hermann Schnell na kamfanin Bayer a Jamus, da Daniel Fox na kamfanin General Electric a Amurka. A 1983 Amurka ta sassauta dokarta game da fitilun mota, aka fara ganin murfin roba a can, Turai kuma ta biyo baya cikin shekarun 1990. Masu ƙera motoci sun so ta domin ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda aka ga dama. Sai dai tana da rauni biyu: tana da laushi, komi yana iya ƙarce ta, kuma hasken rana yana cin ta. Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, shi ne ke koɗar da tufa idan ta daɗe a shanya, shi ne kuma ke tsinka jikin wannan roba har ta yi rawaya ta yi kaushi. Saboda haka tun daga masana'anta ake lulluɓe murfin da wani siririn shafe mai tauri don ya kare shi. Muddin shafen nan yana nan, fitila lafiya lau take. Ranar da ya ƙare, yana ta fara.

A ƙasar Manga kuwa komi ya taru a kan wannan shafe. Akasarin motocin tsofaffi ne, sun yi shekaru a Turai kafin a sauke su a tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome, wato sun iso da shafen da ya riga ya tsufa. Rana tana dukan su kusan shekara duka, domin rumfar ajiye mota ba ta da yawa. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi kowane tayar da ƙura a duniya, jihar Diffa kuwa tana kan hanyarta. Amma babban mai ɓarnar ba daga Cadi yake zuwa ba: tsumma ne a hannun yaron mota. Kowace safiya yakan share fitila da busasshen ƙyalle don ya nuna ƙwazonsa. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri, balle roba. Kowace sharewa ƙarcewa ce.

Abin da ake asara ba kaɗan ba ne. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka yi yana, ta tarar haskensu bai wuce kashi 22 cikin 100 na sabuwar fitila ba. Shi haske kuwa yana raguwa da nisa, ta yadda fitilar da ta rasa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta ba ta haskaka fiye da rabin nisan da take kaiwa a da. A makarantun koyon tuƙi akan koyar da wani lissafi mai sauƙi: mai gudun kilomita 80 a awa yana bukatar wajen mita 64 kafin ya tsaya cik, wato 8 sau 8. Idan fitilarsa ba ta nuna masa raƙumi ba sai saura mita 30, birki ba shi da sauran amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mamata idan aka gwada da yawan jama'a.

Wasu direbobi, da sun ga haske ya ragu, sai su cire ƙwai mai wat 55 su sa mai wat 100. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Murfi mai yana watsa haske yake yi ko'ina, saboda haka ƙarin ƙarfin yana tafiya ne idon mai tahowa daga gaba, ya kashe masa gani. Zafin ƙwan kuma yana iya ƙona wayoyi da madubin da ke cikin fitilar.

Yadda ake gyara

Da farko a wanke fitilar da ruwa da sabulu, a shafa da yatsa. Idan an ji kaushi, ciwon daga waje yake, yana da magani. Idan kuwa waje sumul yake amma ana ganin raɓa ko ƙura a ciki, ko madubin ciki ya ƙone, ko murfin ya tsattsage har can cikinsa, to guga ba za ta yi komi ba.

A liƙe fentin motar da ke kewaye da fitilar da takarda mai danƙo. Sa'an nan a samo samfefa irin wadda ake aiki da ita cikin ruwa, kamar yadda masu fentin mota ke yi. Kowace tana da lamba a bayanta: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba mai laushi. A fara da lamba 800, ko 600 idan yanar ta yi kauri, ana zuba ruwa ana gogawa daga dama zuwa hagu. Ruwan da ke gangarowa zai fito rawaya. Wannan mataccen shafe ne ke fita. Kada a daina sai ruwan ya koma fari kamar nono, murfin duka ya yi fari bai ɗaya. A nan ne mai mota kan firgita, domin fitilar ta fi da muni. Haƙuri za a yi. A koma lamba 1000, ana gogawa daga sama zuwa ƙasa, sai 1500, sai 2000, har 3000 in ta samu, kowane karo ana sauya wajen da hannu ke bi, don kowace samfefa ta share sawun wadda ta gabace ta. Ruwan aikin ya zama tatacce, domin ƙwayar rairayi guda tak cikin bokiti tana iya mayar da aiki baya. Daga nan a goge da man goge fentin mota da ƙyalle mai laushi har murfin ya yi garau.

Yawancin masu gyara a nan suke tsayawa, su karɓi kuɗinsu, mai mota ya tafi yana murna. Alhali rabin aiki ne aka yi. Samfefa ta kankare sauran shafen masana'anta, robar ta zauna tsirara gaban rana, bayan ƴan watanni yana ta dawo, wani lokaci ma fiye da ta farko. Dole ne a mayar da sabon shafe: fentin nan marar launi da ake fesa wa mota a ƙarshe, mai kare hasken rana, wanda ake gauraya shi da ruwan daskararwa, ko kuwa wanda aka yi musamman don fitila. Kafin a fesa, a wanke murfin sarai kada a bar maiƙo, a yi aikin a inuwa lokacin da iska ta kwanta, a yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, mai fesawa kuma ya rufe hanci da baki da abin kariya, domin tururin fentin yana cutar da huhu. Gwajin AAA ya nuna fitilar da aka gyara tana iya komawa wajen kashi 70 cikin 100 na haskenta. Ba ta kai sabuwa ba, amma ta ninka na da sau uku.

Akwai dabarun tasha da ya kamata a yi hattara da su. Man goge haƙora yana ɗan rage yana marar kauri, ba ya kuma ɓata komi, amma ba ya daɗewa. Man inji ko man girki ƙyallin yini ɗaya ne, kashegari sai ƙura ta manne. Fetur, man birki, tina da maganin sauro na shafawa kuwa narkar da robar suke yi, ko su sa ta tsattsage. Haka nan ruwan kanwa da na toka, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar Manga: suna cin irin wannan roba, kada a kusantar da su.

Shugabannin ma'aikatu da magadan gari, waɗanda motocin gwamnati da na ɗaukar marasa lafiya ke hannunsu, sukan sa hannu a takardar sayen taya da batir ba tare da sun taɓa duban fitila ba. Gwajin bai fi minti biyar ba: a tsayar da mota da magariba gaban bango, a kunna. Idan haske ya fito da iyaka a fili, lafiya. Idan ya bazu kamar hazo, a kai ta gareji. Jandarmomi da ma'aikatan hukumar kiyaye haɗarin hanya, ANISER, su ma ya dace su dubi murfin, kada su tsaya ga tambayar ko fitila tana kamawa.

Bayan gyara, a riƙa zuba ruwa kafin a sa ƙyalle, a ajiye mota gabanta na kallon bango ko inuwa, in babu a rufe fitilun da tsohon zane mai tsabta. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, sa'ad da ƙura ba ta taso ba tukuna, kafin manyan motoci su fara jigilar tattasan bakin Komadugu.